Ƙafa biyu ko ƙafa ɗaya: kundin gwajin amfilifayar faifai

11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da na ji da abin da mitar auna wuta ta nuna a ranar da abin ya faru, tun kafin zuciya ta gyara labarin yadda take so. Tambayata guda ce. Idan aka haɗa kan allura da amfilifayar fono, wato akwatin da ke ƙara ƙarfin sautin faifai, ta hanyar balans, wadda nake kira mai ƙafa biyu, shin sautin ya fi na hanyar da aka saba, mai ƙafa ɗaya da fulogin RCA, ɗan zagayayyen nan da ake gani a bayan kayan sauti? In ya fi, ta ina ya fi, kuma me ya jawo?

Kayan da ke gabana: garmaho mai hannun allura da ake iya sauya wa waya, mita, katin sauti na kwamfuta, faifan gwaji mai sautin 1000 Hz, da katirij biyu, wato kan da allurar ke ciki. Na farko Denon DL-103 ne, nau'in MC, wanda naɗin wayarsa ke motsi maganaɗisu yana tsaye. An ƙera shi a farkon shekarun 1960 tare da NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, don aikin watsa shirye-shirye, kuma har yau ana yin sa. Yana fitar da milibolt 0.3, turjiyar naɗinsa, wato yadda yake tare wuta, om 40 ce, ana ɗora shi a kan faifai da nauyin giram 2.5. Na biyu wani tsohon MM ne, mai maganaɗisun da ke motsi, da ke fitar da kusan milibolt 5.

18 ga Janairu

Yau ban taɓa ko waya ɗaya ba. Takarda da biro kawai.

A hanya mai ƙafa ɗaya, sauti na bin wayar tsakiya, sai ya dawo ta garkuwar da ta lulluɓe ta. Wato an ɗora wa garkuwar aiki biyu: ta tare hayaniyar waje, ta kuma zama hanyar dawowar sauti. Duk wani dattin wuta da ya bi ta cikinta, amfilifaya ba ta iya bambanta shi da kiɗa. A hanya mai ƙafa biyu kuwa, wayoyi biyu ne a murɗe da juna ke ɗaukar sautin, garkuwa ta tsaya a aikinta na kariya, amfilifaya kuma ba ta sauraron komai sai bambancin da ke tsakanin wayoyin nan biyu. Hayaniyar da ta shiga su daidai wa daida sai ta soke kanta. Dabarar ba sabuwa ba ce, daga layin tarho aka gaje ta. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar murɗaɗɗiyar waya.

Abin da ya ja hankalina shi ne, katirij bai san wani abu wai shi ƙasa ba, wato layin nan na ground da ake ɗaure jikin kayan wuta da shi. Naɗin waya ne mai baki biyu a kowane ɓangare: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. Mu ne muke ɗaure baki ɗaya da ƙasa a lokacin da muka soka RCA. Da wannan hujja masu son balans suke cewa hanyarsu ce ta asali, kuma a nan suna da gaskiya.

Sai na lissafa abin da ya sa gurnanin wuta yake zama bala'i a faifai fiye da ko'ina. Lokacin yanka faifai ana rage sautin ƙasa a ƙara na sama, bisa ƙa'idar RIAA ta 1954, wadda ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta kafa, amfilifayar fono ce ke juya abin ya koma daidai. Tana ɗaga 20 Hz, can ƙasan sauti, da kusan dB 20 (desibel, ma'aunin ƙarfin sauti), ta sauke 20,000 Hz da kusan haka. A 50 Hz, inda wutar layi take gurnani, ɗagin kusan dB 17 ne. Ƙara wannan a kan dB 60 da katirij MC ke buƙata, ka samu dB 77, ninki wajen dubu bakwai. Maikrobolt ɗaya tak na gurnani zai fito a matsayin milibolt 7, alhali kiɗan kansa milibolt 300 ne. Tazarar dB 33 kawai ke tsakaninsu, kunne kuwa zai ji shi daga bakin ƙofa. Da na ga wannan lissafi na fahimci dalilin da ya sa mutane ke kashe dare a kan wayar da ba ta kai tsawon hannu biyu ba.

25 ga Janairu

Na aro akwatunan fono biyu, ɗaya mai XLR, fulogi mai fil uku na hanyar balans, ɗaya mai RCA, na saurare su bi da bi. Mai XLR ya burge ni nan take. Ganga ta fi cika, muryar mawaƙi ta matso kusa, har na ɗauki biro zan rubuta cewa magana ta ƙare.

Kafin in rubuta sai na sa faifan gwaji na auna. Mai XLR ya fi ɗayan ƙara da dB 6, domin mafitarsa ƙafafu biyu ne ke tura wuta, kowace tana juya wa 'yar'uwarta baya, ƙarfin ya ninka. Kunne yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi ko da bambancin bai kai dB ɗaya ba, balle shida. Da na daidaita ƙarar, yawancin abin da ya burge ni ya tafi. Sauran da ya rage ma ba zan iya jingina shi ga balans ba, tunda akwatunan sun bambanta a komai: lodin da suke ɗora wa katirij daban, sassan cikinsu daban, yadda kowanne ya bi ƙa'idar RIAA daban. Na kuma buɗe mai XLR ɗin na ga a mafita kaɗai yake da ƙafa biyu, mashigarsa mai ƙafa ɗaya ce. Ashe duk yinin nan ban ma taɓa tambayar da nake bi ba.

Shawarar da na yanke: zan haɗa nawa. Sashen RIAA ɗaya, wutar da ke ciyar da shi ɗaya, akwati ɗaya. Matakin farko kaɗai zan riƙa sauyawa.

2 ga Fabrairu

Sassa sun iso. Matakin farko mai ƙafa ɗaya zai yi aiki da ɗan cip mai ƙara sauti, AD797, guda ɗaya, mai ƙafa biyu da guda biyu, sai mataki na gaba ya cire ɗaya daga ɗaya. Na kwashe yamma ina ware razistoci da mita, ina haɗa su biyu-biyu. Idan ƙafafun suka saɓa da kashi 1 cikin 100, ikon soke hayaniya yana tsayawa wajen dB 40. Idan saɓanin kashi 0.1 ne, ya kai wajen 60.

Ƙimar sassan RIAA na fitar da ita da lissafin da masanin sauti Stanley Lipshitz ya wallafa a 1979, bisa lokutan nan uku na ƙa'idar: maikrosakan 3180, 318 da 75.

15 ga Fabrairu

Ranar sauya wayar hannun allura. Na fara zare wayoyin huɗu daga bayan katirij kafin in kusanto da mita, domin mita tana tura 'yar wuta, naɗin MC kuwa ya fi gashin kai siranta.

Da na auna sai na tarar shuɗiyar waya tana haɗe da ƙarfen hannun. Na bi ta har gindi, na ga an liƙa ta da wayar ƙasa a kan wani ɗan allo da ke ɓoye a ƙarƙashi. A hanya mai ƙafa ɗaya wannan ba aibu ba ne, wasu hannayen ma da gangan ake yin su haka don a huta da wayar ƙasa ta daban. Amma da na soka XLR a haka, da sunan balans kawai zan samu. Ƙafa ɗaya na ɗaure da ƙasa, ɗaya na sake, babu sauran daidaito. Ina zargin mutane da yawa da suka ce sun gwada balans ba su ji komai ba, ko suka ce gurnani ya ƙaru, a nan abin ya same su.

Na raba su. Kowane ɓangare yanzu yana da murɗaɗɗun wayoyi biyu cikin garkuwa. A XLR, fil na 2 ya ɗauki fari ko ja, na 3 ya ɗauki shuɗi ko kore, na 1 garkuwa kaɗai. Fil na 1 ɗin na liƙa shi da jikin akwati daidai inda ya shigo, ban bari ya taka allon sauti ba. Injiniyan sauti Neil Muncy ya yi bayanin wannan matsala a 1995, daga baya ƙa'idar AES48 ta ƙungiyar injiniyoyin sauti ta tabbatar da ita: idan wutar da ke bin garkuwa ta ratsa ƙasan allon sauti, ka shigo da ɓarawon da kanka ta ƙofar baya.

Gargaɗi ga mai son gwada katirij a mashigar makirfo, tunda ita ma balans ce: ya tabbata wutar fantom ta bolt 48, wadda mashigar ke tura wa makirfo, a kashe take kafin ya soka komai.

22 ga Fabrairu

Gwajin huci, wato shuwar da kayan ke yi su kansu ba tare da kiɗa ba. Allura a sama, ƙara a buɗe, kunne kusa da lasifika, sannan na duba a kwamfuta.

Mai ƙafa biyu ya fi huci. Kaɗan ne, amma ya fi, kuma lissafi ya riga ya faɗa. Kowace turjiya tana da hayaniyar zafi, abin da masana kimiyya Johnson da Nyquist suka bayyana a 1928. Om 40 na katirij yana ba da kusan nanobolt 0.8 a ma'aunin da ake amfani da shi, AD797 yana ba da 0.9. Haɗe suna kai wa 1.2. Idan aka sa guda biyu a mashiga, hayaniyarsu ba ta soke juna, domin kowacce tata daban ce, taruwa suke yi, jimla ta koma 1.5. Kusan dB 2 ke nan aka yi asara. Masu tallan balans ba su cika faɗin wannan ba, ni kuma ina ganin ya kamata a faɗa: hayaniyar da ta zo daga waje ake sokewa, wadda aka haifa cikin gida tana nan, har ta ɗan ƙaru.

Da allura ta sauka kan faifai, shuwar tsagin faifan ta rufe su duka biyun.

1 ga Maris

Wannan ce ranar da na fi ƙaruwa tun da na fara. Na ƙirƙiro matsaloli da gangan, ɗaya bayan ɗaya, ina sauya matakin farko a kowacce.

Na fara da yanayi mai tsabta: waya mita ɗaya, nesa da kowace igiyar wuta, wayar ƙasa ta hannun allura na tafe ita kaɗai zuwa jikin akwati. Duka biyun shiru. Layin 50 Hz yana nutse cikin huci a allon kwamfuta. Babu abin sokewa, don haka balans bai samu aikin yi ba.

Sai na tsawaita wayar zuwa mita biyar, na shimfiɗa ta kafaɗa da kafaɗa da igiyar wutar amfilifaya. Mai ƙafa ɗaya ya fara gurnani a hankali, irin wanda ake ji tsakanin waƙa da waƙa. Mai ƙafa biyu da kyar ya motsa.

Na uku, na mayar da haɗin nan da na raba ranar 15 ga Fabrairu ta hanyar ɗan kilif, na kuma soka garmaho a wani soket daban da na amfilifaya, yadda ƙasa za ta samu hanya biyu ta zama zobe. Mai ƙafa ɗaya ya yi ƙugin da ba a iya sauraron kiɗa da shi. Abin lura, mai ƙafa biyu ma ya yi gurnani muddin kilif ɗin na nan. Ina cire shi ya yi tsit. Shi ma mai ƙafa ɗaya, ina cire kilif gurnaninsa ya faɗi ƙasa sosai, domin wutar zoben ta koma bin wayar ƙasa ta daina bin garkuwar da ke ɗauke da sauti. Wato kaso mai yawa na maganin ba a cikin amfilifaya yake ba, yana wurin da aka ɗaure ƙasa.

Na huɗu shi ne ya fi koya mini. Na ɗauko taransifomar wuta na kusanto da ita gefen katirij. Duka biyun suka yi gurnani daidai wa daida, ba wanda ya fi wani. Dalili a fili yake: filin maganaɗisun taransifoma yana shiga naɗin katirij ne kai tsaye, ya haifar da wuta tsakanin bakunansa biyu, ta hanyar da allura ke haifar da kiɗa. Ga amfilifaya wannan bambanci ne, bambanci kuwa shi aka ce ta ƙara. Babu XLR ɗin da zai cece ka a nan. Na ja taransifomar baya da taƙi biyu, gurnanin ya kusa ɓacewa. Mutum zai iya sauya duk wayoyinsa da akwatinsa alhali abin da ake buƙata shi ne ya matsar da amfilifaya daga ƙarƙashin garmaho.

Na ƙarshe, cajar waya da fitila mai maɓallin rage haske. Waɗannan ba gurnani suke yi ba, zuzu suke yi mai kaifi. Mai ƙafa biyu ya rage shi, amma bai kai yadda ya yi da 50 Hz ba. Yayin da sauti ke hawa sama, ɗan bambancin kafasitans, wato yadda waya ke riƙe caji, tsakanin ƙafafun yana ƙara tasiri, daidaito yana raguwa. Bill Whitlock na kamfanin Jensen, masu ƙera taransifomar sauti, ya daɗe yana nanata cewa ma'anar balans ita ce turjiyar ƙafafun biyu zuwa ƙasa ta zama ɗaya, ba wai sautin ya zama kishiyar juna a wayoyin ba. Yau na ga haka da idona.

8 ga Maris

Na gwada wata hanya ta tsakiya: murɗaɗɗun wayoyi biyu cikin garkuwa, amma zuwa RCA, garkuwar a ɗaure a ɓangaren amfilifaya kaɗai. A gwajin mita biyar ta tsaya tsakanin biyun, ta fi kusa da balans.

15 ga Maris

Na koma kan MM, sai abubuwa suka rikice.

Da farko, akwai wani siririn ƙarfe a bayan katirij da ya haɗa koren fil da rigar ƙarfen jikinsa. MM da yawa haka suke. Ɓangaren dama ya rasa daidaito tun daga tushe. Na zare ƙarfen a hankali, sai rigar ta zama ba ta da ƙasa, tana kama gurnani duk lokacin da hannuna ya kusanto, har sai da na ja mata wata siririyar waya zuwa ƙarfen hannun.

Na biyu, AD797 bai dace da MM ba. Naɗin MM yana da kusan rabin henri a ma'aunin naɗin waya, a 10,000 Hz turjiyarsa ta haura om 31,000, hayaniyar kwararar wutar mashiga kuwa tana ninkuwa ne da wannan turjiya. Na sauya zuwa wani cip, NE5534A, wanda tasa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na ta wancan ba, huci ya sauka.

Na uku, sautin sama ya yi kaifi a mai ƙafa biyu, kuge yana tsinin da ba nasa ba. Na ɗauka halin balans ne, sai na duba allo. Na sa om 47,000 daga kowace ƙafa zuwa ƙasa, katirij kuwa yana ganin su a jere, 94,000, ninki biyu na abin da aka tsara masa. Ga kuma wayar: na yi amfani da mai cibiya huɗu da ake yi wa makirfo, wadda kafasitans ɗinta ya fi na waya mai cibiya biyu. Rabin henri da fikofarad 200 suna yin amo a wajen 16,000 Hz. Da 400 amon yana saukowa wajen 11,000, inda kunne yake ji sarai. Na gyara lodi, na sauya waya, kaifin ya tafi.

Ra'ayina a kan MM: wutarsa ta ninka ta MC fiye da sau goma, don haka gurnanin da waya ta kwaso ya riga ya ƙara yin ƙasa da kiɗan da fiye da dB 20 idan aka kwatanta da MC. Wahalar mayar da shi balans ta fi ribar yawa, sai dai in ɗakin yana da matsala ta musamman.

29 ga Maris

Gwajin makanta, da DL-103, a yanayi mai tsabta. Na ɗauki waƙoƙi uku a kwamfuta ta kowace hanya, na daidaita ƙararsu har bambancin bai wuce dB 0.1 ba: ɗaya mai fiyano kaɗai, ɗaya mai murya da jita, ɗaya mai ganguna da bes. Ƙanena ya zauna a bayana yana jefa kwabo yana zaɓen wanda zai kunna, ni ina faɗin wanne ne. Zagaye 16 a kowace waƙa. Kafin mu fara na rubuta cewa sai na ci 12 zan yarda na ji wani abu, domin ƙasa da haka sa'a ma tana iya kai mutum.

Ban kai 12 ba ko a waƙa ɗaya. Kusa da rabi nake tsayawa. A tsakiyar ta fiyano ya ce, "Yaya, ka huta tukuna, ka fara amsawa kafin sautin ya fito." Na huta, muka sake, sakamakon bai sauya ba. Shi ma ya zauna a kujerar, kunnensa ya fi nawa ƙuruciya, bai wuce inda na tsaya ba.

Sai muka maimaita da abin da na ɗauka ta waya mai mita biyar. A nan ban kuskure ba, amma ba a cikin kiɗan nake ganewa ba. A daƙiƙun shirun da ke gaban waƙa nake jin gurnanin, da kuma wutsiyar sautin fiyano lokacin da take mutuwa.

5 ga Afrilu

Na aro ƙaramar taransifomar ɗaga sauti mai ninki 1:10. Tana ba da dB 20 ba tare da wuta ba, ta mayar da lodin om 47,000 ya zama 470 a idon katirij. Naɗinta na farko bai taɓa ƙasa ba, don haka idan aka kai masa murɗaɗɗun wayoyi an samu mashiga mai ƙafa biyu, ko da abin da ke bayanta mai ƙafa ɗaya ne. A gwajin mita biyar ta yi shiru kamar allon da na haɗa, zuzun caja ma ta fi shi tarewa. Rauninta maganaɗisu ne. Sai da na yi ta juya ta a kan kanta ina saurare kafin na samu kusurwar da ta daina kama taransifomar wuta.

Garmahona yana kan katakon da aka kafe a bango, mita huɗu daga amfilifaya, wayarsa kuma dole ta bi bayan kantar da igiyoyin wuta suke. Saboda haka matakin mai ƙafa biyu zai zauna a akwatin don DL-103. MM ɗin na mayar masa da siririn ƙarfensa, ya koma RCA da gajeriyar waya a wani garmahon nawa na daban.

Abin da ya rage shi ne zuzun fitila. Na ware kafasitoci biyu masu ƙima ɗaya da zan liƙa a bakin XLR, daga fil na 2 da na 3 zuwa jikin akwati, in sake gwajin 1 ga Maris da fitilar a rabin haskenta.